Abin da Muka Binne a Pleasant Garden

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Na sa hannu. Justin, dillalin gidajen, yana nuna mini wuri da bakin alƙalami, ni kuma ina rubuta Kaltouma, Kaltouma, Kaltouma, har sunan ya daina kama da nawa. Daouda ya riga ya sa nasa tun ranar Juma'a kafin ya hau kamiyo, babbar motar kayan da yake tuƙawa, ya nufi Texas. Miji da mata, takarda ɗaya, amma kowa da ranarsa. Haka muka koma.

Ranar huɗu ga Nuwamba za mu miƙa makulli. Shekara goma sha bakwai muna cikin gidan nan na garin Pleasant Garden. Tsohon gidan manoma ne na katako, an ce tun 1926 aka gina shi, ga fili a baya har sai ido ya gaji. Lokacin da muka saye shi mutanenmu sun yi mana dariya, wai mun tsallako teku mun sake komawa ƙauye. Yanzu Daouda ya ce ba ya iya barci a cikinsa. Tun watan Agusta, in ya sauka daga hanya, gidan ƙanensa Younoussa yake kwana a McLeansville. Ya ce a sayar, na ce to. Wata biyu ke nan bakina bai san wata kalma ba sai to.

Abu ɗaya na tambayi Justin: itacen pikan na bayan gida, za su kula da shi? Ya yi murmushi, ya ce masu sayen kamfanin development ne, filin gaba ɗaya za su yi wa development. Sai na ji hankalina ya kwanta. Babana ya yi shekara ashirin yana tuƙa motar furojen développement, wato aikin raya karkara, a Damagaram. Na san su. Su ne masu gina rijiya, masu rabon dashe ƙauye-ƙauye. Wanda aikinsa dasa itace ne ba zai taɓa itace ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, hantsi

Na wanke tagogi duka. Ba na so baƙi su shigo su ce 'yar Afirka ta bar musu gida da ƙazanta. Na kuma fara rubuta musu takarda da ɗan Turancina: tagar kicin sai an ɗaga ta sannan a tura, matakala ta uku tana kuka amma ba ta karye ba, famfon baya a rufe shi kafin sanyi ya shigo, in ba haka ba ya fashe.

Ɗakin sama na hagu ban buɗe ba. Gobe.

Alhamis, 10 ga Oktoba, la'asar

Ban buɗe ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Na koma shagon kitso a Gate City Boulevard, karo na farko tun watan Agusta. Wata ta kawo 'yarta, shekara goma sha shida, tana danna salula, tana amsa wa uwarta da Turanci ba tare da ta ɗaga kai ba. Na raba gashin gida huɗu, na tsaya. Yatsuna suka ƙi. Mai shago ta karɓa ba ta ce mini komai ba, Allah ya saka mata.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda littafin nan ba ya yi mini ta'aziyya. Sun tafi hutu Damagaram su biyu, 'yata da babanta, don ta ga kakanninta. Ni takarduna suna hannun lauya shekara da shekaru, in na fita ba ni da hanyar dawowa. Ya dawo shi kaɗai da jaka biyu. Kafin in gama sallar asuba a nan, an gama komai a can. Bai kira ni ba sai da suka dawo daga maƙabarta.

Leïla. 'Yar fari ce, ban saba faɗin sunanta ba, kunya ta hana. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Takan tsaya a bakin kicin ta ce, "Mom, I have a name," ni kuma in kore ta da ludayi. Ga shi na rubuta, ba wanda ya ji.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

'Ya'yan pikan sun fara zuba. Kuregu sun fi ni sammako.

Kullum bayan asuba ina ɗaukar kujera in zauna a gindinsa. Na san abin da nake yi, na kuma san abin da malamai za su ce, shi ya sa ban gaya wa kowa ba.

Watan Fabrairu aka haifi yarinyar nan, cikin wani sanyi mai shiga ƙashi. Anti Tchima, tsohuwar Maradi da ta riƙe ni kamar 'yarta tun zuwana ƙasar nan, ta tayar da hankalin asibiti gaba ɗaya a kan mabiyiya. Ba ta jin Turanci, su ba sa jin Hausa, amma sun gane ba za ta tafi ba. Ta ce ba a zubar da abokin tafiyar jariri a shara, binne shi ake yi a gidan uba, don yaro ya san gida. Suka ce sai an cike takarda, a dawo washegari. Daouda ya koma ya karɓo. Shi ya yi gina, Anti Tchima tana ba shi umarni daga baranda saboda sanyi. Ni ina kwance a sama da ɗinki, ban ga komai ba. "Gindin pikan" kawai aka ce mini.

Na san ba kabari ba ne. Amma kabarin yana inda ƙafata ba za ta kai ba. A duk faɗin Amurka, nan ne kaɗai ƙasa ta riƙe wani abu na jikinta, kuma na jikina. In ba nan ba, ina zan zauna?

Na yi niyyar in roƙi sabbin masu gida su bar ni in riƙa zuwa ranar Juma'a. Na ƙara a takardar.

Alhamis, 17 ga Oktoba, azahar

Masu awon fili sun zo su uku, sun kakkafa turaku ko'ina, sun ɗaura wa itatuwa ƙyalle ruwan lemo. Pikan ma ya samu nasa. Na ji daɗi, na ce sun yi masa shaida don kada a taɓa shi. Har shayi na dafa musu. Babbansu ya karɓi kofin yana kallon ƙasa. Na ce a raina, ashe Bature ma yana da kunya.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Bari in bi shi daki-daki.

Sa'ida ta zo, Bakanuwar nan da ke koyarwa a jami'a, wadda nake yi wa kitso tun tana ɗaliba. Ta kawo mini tuwon shinkafa. Ta daɗe a bakin titi tana karanta sabon allon da aka kafa jiya. Da ta shigo ba ta zauna ba.

"Anti Kaltouma, kin karanta allon nan?"

"Na ga development. Ai na sani."

"Me kika fahimta da shi?"

Na ba ta labarin babana da rijiyoyi da dashe. Har da dariyata. Ta ajiye kular a tebur a hankali.

"Anti, a nan ba haka yake nufi ba. Developer shi ne mai sayen tsohon gida da fili, ya rushe, ya share wurin tas, ya yanka shi fuloti-fuloti. Gida ashirin da biyu aka zana a allon. Mutanen da ke aiki a Greensboro suna son kwana a nan waje, shi ya sa ake ta sayen filayen."

"To gidan?"

"Ba gidan suka saya ba, Anti. Ƙasar suka saya."

"Ƙyallen da suka ɗaura wa itatuwa fa?"

Ta kama hannuna, na fizge.

Ni da na yi lakwal, makarantar boko, har aji tara. Ni da nake gyara wa mutane Faransanci. Kalma ɗaya, harafi kusan ɗaya, na gan ta na ce 'yar garinmu ce, na buɗe mata ƙofa. Na wanke wa katafila tagogi. Na dafa wa masu yanka fili shayi, har ina tambayar su ko sukari ya ji.

Litinin, 21 ga Oktoba, hantsi

Na kira Justin. Ya saurare ni har ƙarshe, ba laifi. Ya ce yana zaton na gane, tunda ya faɗa a gabana na kuma gyaɗa kai. Gaskiyarsa, na gyaɗa. Ya ce takarda ta riga ta ɗaure, ba a kwancewa. Na ce a bar itace ɗaya, ɗaya tak. Ya ce zai tambaya.

Litinin ɗin dai, azahar

Ya tambaya. Titin shiga unguwar ta nan zai bi.

Talata, 22 ga Oktoba, la'asar

Na kira Daouda. Ina jin ƙarar hanya a bayansa.

"Malam, ka san rushewa za su yi?"

Na sake tambaya.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Ka san abin da ke bayan gidan, ka sa hannu?"

"Kaltouma, ina tuƙi."

Ya kashe. Wallahi na tsane shi yau. Na rubuta, ba zan goge ba. Ya ɗauke mini ita ya kai ta inda ba na iya zuwa, ɗan abin da ya rage kuma ya sayar a zuba masa kwalta.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan azahar

Na yanke shawara: zan tone in tafi da ƙasar wurin. Amma gindin pikan ba ƙaramin wuri ba ne, inuwarsa ta fi falonmu faɗi. Mutum biyu suka san daidai inda yake. Ɗaya ba na magana da shi. Sai na tafi wurin ɗayar.

Anti Tchima tana gidan 'yarta yanzu. Ta tsufa ƙwarai, hankalin yana zuwa yana tafiya. Ta gane ni, ta riƙe fuskata da hannu biyu.

"Kaltu, kin rame. Mi ya hwaru? Mijin naki ba shi ba ki abinci?"

Na yi dariya. Na ce, "Anti, kin tuna mabiyiyar da kuka binne a gidanmu? Ta wane gefe ne?"

"Na tuna mana! Nasarun nan sun so su hana mu." Ta yi ta dariya har da tari. Sannan ta ce, "Ina ɗiyar tawa? Ta kwan biyu ba ta zo ta gaishe ni ba. Ta girma ko?"

'Yarta tana tsaye a bayanta tana girgiza mini kai. Ba su gaya mata ba.

Na ce, "Ta girma, Anti."

"Ki ce mata ina hushi."

"Zan gaya mata."

Gefen kuwa ba ta tuna ba. Ta ce gabas, ta ce yamma, daga baya ta ce ai kusa da rumbu ne. Rumbun gidansu na Maradi take nufi.

Na yi kusan awa a mota kafin in iya murɗa makulli.

Asabar, 26 ga Oktoba, yamma

Daouda ya zo kwasar kaya da motar Younoussa. Ya rame shi ma, wandonsa yana yawo a jikinsa. Na lura. Shi ya buɗe ɗakin sama na hagu, ɗakin yarinyar nan. Na ji shi yana naɗe abubuwa, ni ina kicin ina goge tukunyar da na riga na goge.

Da ya sauko da kwali na ƙarshe na tare shi a baranda.

"Malam, nuna mini wurin kawai. Ba sai ka yi komai ba."

Ya ajiye kwalin. Ya juya yana kallon titi.

"Bon. Kaltouma, ba komi a wurin."

"Ban gane ba."

"Likita ba su ba ni ba. Na koma, suka ce sun riga sun ƙone. Na ji kunyar Anti, na ji tausayinki. Na naɗe tsumma na gina rami na rufe. Ba komi can sai tsumma, shi ma ya ruɓe. Ki bar wurin nan. Ki bar shi ya tafi."

Ya ɗauki kwalinsa ya sa a mota ya tafi.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da safe

Ban fita gindin pikan ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, da safe

Ban fita ba. Kujerar tana can, ganye ya cika ta.

Laraba, 30 ga Oktoba, azahar

Wata biyu da rabi ina gaya wa tsumma damuwata. Ina ba tsumma labarin wanda ya zo gaisuwa da wanda bai zo ba. Ranar da makarantarsu ta aiko da takardar hoton 'yan aji, tsumma na je na karanta wa.

Na fi son a ce katafila ta bi ta kan mabiyiyar da a ce ba ta taɓa kasancewa a wurin ba. Wace irin uwa ce ke rubuta wannan? Ni ce.

Sa'ida ta samo mana ɗaki biyu na haya a bene, bayan Gate City Boulevard. "Mana" na ce. Ban san ko mu biyu ne ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Katafila biyu sun iso, an ajiye su a bakin fili suna jiran Litinin.

Tun jiya abu ɗaya ke juya mini a kai. Ko dai Daouda ya yi mini ƙarya shekara goma sha shida, ko kuma ya yi mini ƙarya ranar Asabar. Ɗaya daga ciki dole. Na zauna da mutumin nan shekara ashirin, amma ban iya cewa wacce ba.

Na sayo shebur da bokiti mai murfi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Tun da gari ya waye na fara tono. Ƙasar nan ja ce mai tauri, ga saiwa ta ko'ina. Na tona inda nake ajiye kujera, ba komai. Na matsa, na sake tonawa. Kafin hantsi na yi rami huɗu, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ban ma san abin da nake nema ba. Bayan shekara goma sha shida me zai rage? Ina ta haƙa dai ina kuka ina zagin saiwa.

Ban ji tsayuwar mota ba. Na ɗaga kai na gan shi a gefen gida, ya zo ɗaukar firij. Bai matso ba, bai tafi ba. Na juya masa baya na fara rami na biyar.

Na kai gwiwa a ramin sannan ya yi magana.

"Ba nan ba ne."

Na tsaya.

"Ba nan ba ne, Kaltouma. Kina ta wahala." Ya tako ya jingina bayansa da itacen, ya fuskanci alƙibla, ya yi taki uku, ya tsaya. Ko duba ƙasa bai yi ba. "Nan."

Na miƙa masa shebur. Ya ɓoye hannuwansa a baya kamar na miƙa masa wuta.

"Sau biyu na sa ta cikin ƙasa da hannun nan. Na farko nan, ina murna. Na biyu can, ni na shiga ramin na karɓe ta. Kullum na buɗe tagar ɗakinmu wurin nan nake gani. Don Allah kada ki ce in tono."

Kusan wata uku ina tuhumar sa da abin da ya hana ni gani. Ban taɓa tambayar sa abin da shi ya gani ba.

Ni na tona. Shi ya durƙusa a gefe yana janye saiwa da hannu. Da na kai kamu biyu shebur ya bugi ƙarfe. Murfin kwanon samira ne, tsatsa ta ci gefensa, amma jan furen tsakiya yana nan. Murfin kwanon aurena. Na yi shekaru ina cigiyarsa, har na zargi wata baƙuwa da ta taɓa kwana a gidanmu, Allah ya yafe mini.

"Ban so ƙasa ta taɓa ta kai-tsaye ba," in ji shi.

Na ɗaga murfin. Ƙasa ce kawai a ƙarƙashi, sai dai ta fi ta kewaye duhu da laushi. Na ajiye shebur na kwashe ta da hannu. Ya riƙe mini bokitin, ƙasar tana zuba a gefe, ina tsincewa ina mayarwa.

Ba mu rufe ramukan ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, magariba

Justin ya zo ƙarfe tara ya karɓi makulli. Direban katafila ya riga ya tayar da inji, amma da ya gan mu ya kashe, ya jira har muka fita. Ban san sunansa ba.

Na nufi bayan mota da bokitin, Daouda ya ce a'a. Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗora shi a kujera, ya jawo bel ya ɗaura masa, ya gwada ya ga ya kama. Wai don kada ya zube. Ya tuƙa a hankali har motoci suna yi mana ham. Ban waiwaya gidan ba. Shi ma madubin tsakiya kawai yake dubawa.

A gidan hayar ya hau da katifa, ya hau da firij shi da Younoussa. Da Younoussa ya ce su tafi, ya ce masa ya yi gaba. Yanzu yana falo zaune a kan kwali, bai cire takalmi ba, bai kuma tafi ba.

Bene na biyu muke. Ba fili, ba itace, barandar ma siminti ce. Ya tambaye ni inda za mu sa ƙasar, na ce ban sani ba. Ya ce ko a ajiye ta a baranda kafin mu yi shawara. Na duba waje, sanyi ya fara sauka.

Na shigo da ita, na ajiye ta kusa da katifata. Yau dai a ɗaki za ta kwana.